BABI NA UKU: MATA, MA'ADINAI DA KAMUN ƘAFA A MAJALISA, WAIWAYE DAGA MAZAƁAR KEBBE DA TAMBUWAL

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai bi diddigin dangantakar da ke tsakanin abubuwa uku, wato aikin da mata ke yi a harkar ma'adinai, da dokokin da aka kafa a kan wannan harka, da kuma ƙoƙarin da mata suka yi na isar da kokensu ga masu yin doka. Abin da ake nufi da kamun ƙafa a nan shi ne bin 'yan majalisa da hujjoji, ko a ofisoshinsu ko a zaman jin ra'ayin jama'a, domin a shawo kansu su kafa wata doka, ko su gyara ta, ko su matsa wa gwamnati ta aiwatar da ita.

An zaɓi mazaɓar Kebbe da Tambuwal a matsayin wurin da za a tsaya a hangi lamarin saboda dalilai biyu. Na farko, yankin yana maƙwabtaka da ƙasar zinare ta Zamfara, inda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a shekarar 2010. Na biyu, wakilin wannan mazaɓa ne ya riƙe kujerar Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, wato daidai shekarun da ake fafutukar neman kuɗin kawar da wannan guba. Babin zai nuna cewa dokokin ƙasa sun daɗe suna neman mace a cikin ramin haƙa, alhali kuwa aikinta a tsakar gida yake, kuma wannan kuskure ya daɗe ne domin matan da ke yin aikin ba su da hanyar da muryarsu za ta bi ta kai majalisa.

3.1 Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suna kudu maso yammacin Jihar Sakkwato. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kuma tarihinsa a Daular Usmaniyya yana haɗe da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka danƙa wa riƙon wannan yanki. Kebbe kuwa tana kudu da Tambuwal, a kwarin Gulbin Zamfara, tana iyaka da Jihar Kebbi da kuma ƙaramar hukumar Gummi ta Jihar Zamfara. A ƙidayar 2006 Tambuwal na da mutane fiye da 220,000, Kebbe kuma fiye da 120,000. Noma da kiwo da su da fatauci su ne manyan sana'o'in mutanen yankin.

Yana da muhimmanci a tuna cewa iyakar da ta raba Kebbe da Gummi sabuwa ce. Kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gummi da Bukkuyum da Anka duk suna cikin Jihar Sakkwato ne, a zamanin Turawa kuma gundumomi ne na Lardin Sakkwato. Gulbin Zamfara da ya ratso ta ƙasar Anka da Gummi shi ne ya biyo ta Kebbe ya nufi Jega. Kasuwanni da auratayya da tafiye-tafiyen cin rani ba su san da wannan iyaka ba. Saboda haka duk abin da ya sami macen Bukkuyum a tsakar gidanta, ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne ga macen Kebbe.

3.2 Mata da Albarkatun Ƙasa Kafin Zuwan Turawa

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen ƙasar Hausa suna haƙo abubuwa daga ƙasa don bukatun yau da kullum. Haƙar tama da narka ta aikin maza ne, musamman zuriyar maƙera. Amma akwai ɓangaren da mata ke da hannu dumu-dumu a ciki. Su ne ke ɗebo farar ƙasa don shafen ɗaki, su ne ke tara tsakuwa don daɓe, suna kuma cikin masu ɗibar yumɓu don ginin tukwane. Har ila yau, su ne manyan masu saye da sarrafa kanwa da tozali.

Misali mafi girma a wannan shiyya shi ne gishirin kwarin Foga, wanda ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a nazarin da ya buga a 1986 kan cinikin gishiri, ya bayyana yadda ake kankare ƙasa mai gishiri, a tace ta da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe. Mata na da babban kaso a wannan aiki, kuma kasuwar Jega, wadda ba ta da nisa da Tambuwal, tana cikin wuraren da fatake ke sauke wannan gishiri. Abin lura a nan shi ne, aikin mata bai cika zama na shiga rami ba. Nasu shi ne tacewa da dakawa da wankewa da dafawa, wato sarrafa abin da aka haƙo har ya zama abin sayarwa. Wannan rabon aiki bai canja ba har zuwa zamanin zinare.

3.3 Zamanin Turawa da Mafarin Dokokin Ma'adinai

Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi jawabi ga manyan gari inda ya bayyana cewa duk ma'adinai sun koma hannun gwamnati, sai dai an bar wa talakawa damar haƙar tama da ɗibar gishiri bisa sharuɗɗa. Tun kafin wannan, lokacin da aka karɓe mulki daga hannun Kamfanin Neja a 1900, an yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a riƙa karɓa a kan ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Ke nan an yanke hukunci kan arzikin da ke ƙarƙashin gonakin mutane ba tare da an tambayi namiji ba, balle mace. Dokar Ma'adinai ta 1946 ta ƙara tabbatar da wannan tsari.

A shekarun 1930 farashin zinare ya tashi, aka yi rububin haƙarsa a lardunan Neja da Zariya da Sakkwato, ciki har da ƙasar Zamfara da Yawuri. A Jos kuma haƙar kuza ta bunƙasa, har ta kai ga aikin tilas na diban gwamna tsakanin 1942 da 1944, lokacin da aka kwashi dubban maza daga lardunan Arewa. Mata sun yi dakon ƙasa da wankin kuza da sayar da abinci a barikokin ma'aikata, amma lasisi da filin haƙa na kamfanonin Turawa ne.

A wannan zamani ne kuma aka shigo da ra'ayin hana mata aikin ƙarƙashin ƙasa. Asalinsa daga Ingila ne, inda dokar 1842 ta haramta wa mata shiga ramukan kwal. A 1935 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta mai da wannan hani yarjejeniya ta 45. An tsara wannan kariya ne don matan da ke jan kwal a ramukan Turai, ba a yi la'akari da macen da ke daka dutse a turmi ba.

Duk da haka, mata ba su yi shiru ba a inda suka sami dama. A rikicin ma'aikatan kwal na Inugu, matan ma'aikata sun fito zanga-zanga, kuma bayan da 'yan sanda suka harbe ma'aikata 21 a ranar 18 ga Nuwamba, 1949, Margaret Ekpo na cikin shugabannin da suka tara mata don nuna ƙin amincewa. A Arewa kuwa ƙofar siyasa a rufe take ga mata. Duk da gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976, kuma zaɓen 1979 shi ne babban zaɓe na farko da suka shiga. Wanda ba ya da ƙuri'a kuwa, ɗan majalisa ba ya jin tsoron ɓacin ransa.

3.4 Dokokin Bayan Samun Mulkin Kai

Samun mulkin kai a 1960 bai canja tushen tsarin ba, illa dai mallakar ta tashi daga hannun Sarautar Ingila ta koma ga Gwamnatin Tarayya. Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya danƙa duk ma'adinai da man fetur da iskar gas ga Gwamnatin Tarayya, kuma suna cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke da ikon yin doka a kansu. Ma'anar wannan ita ce, majalisar dokoki da ke Sakkwato ba ta da hurumin kafa dokar haƙar ma'adinai. Duk mai koke sai ya kai shi Abuja. Dutsen siminti na Kalambaina, inda kamfanin siminti ya fara aiki a 1967, da ma'adinin takin zamani na yankin Dange da Shuni, da zinaren Anka, duk hukuncinsu ɗaya ne.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta gaji hanin Turawa. Sashe na 56 ya haramta ɗaukar mace aikin ƙarƙashin ƙasa a kowace mahaƙa, sai dai shugabar da ba ta aikin ƙarfi, ko ma'aikaciyar lafiya, ko ɗalibar da ke koyon aiki. Wannan sashe ya tauye mata masu ilmin haƙa wajen neman aiki, bai kuma amfani matan karkara da komai ba, tun da su ba ma'aikatan kowa ba ne a idon doka.

Babban gyara ya zo ne da Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007. Abin sha'awa shi ne mace ce ta jagoranci share fagen wannan doka, wato Obiageli Ezekwesili, wadda ta riƙe Ma'aikatar Ma'adinai daga 2005 zuwa 2006. Dokar ta kafa ofishin rajistar filayen haƙa, da asusun bunƙasa ma'adinai, da kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Ta wajabta wa mai lasisi ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da zai yi haƙa a ƙasarta. Ta kuma tanadi taimako ga ƙananan masu haƙa da suka haɗa kansu cikin ƙungiyoyin gama kai masu rajista. Haka nan ta bar wa al'umma damar ci gaba da ɗibar gishiri da kanwa da tozali a wuraren da suka gada.

Sai dai akwai giɓi. Dokar ba ta keɓe wa mata kujera a kwamitin jiha ba, ba ta kuma sharɗanta cewa a ji ta bakinsu kafin a sa hannu a yarjejeniyar raya ƙasa ba. Wanda dokar ta sani shi ne mai lasisi da ƙungiya mai rajista. Macen da mijinta ke kawo mata buhun dutse ta daka ba ta da lasisi, ba ta cikin ƙungiya, sunanta kuma ba ya cikin kowane littafi. Shekara uku kacal bayan kafa dokar, aka ga illar wannan giɓi.

3.5 Annobar Dalma ta 2010

Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, farashin zinare ya haura dala 1,000 a kan kowane oza, har ya kusanci dala 1,900 a 2011. Manoma da yawa a ƙasar Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Maza ke shiga rami su fito da dutse, sannan a kai shi cikin gari. A nan ake fasa shi da guduma, a daka a turmi ko a kai injin niƙa, a wanke, a haɗa da zaiba don ta kama zinaren, a kuma shanya a tsakar gida. Da yake matan aure da yawa suna cikin kulle, kawo musu aikin gida shi ne hanyar da za su sami ɗan abin hannunsu ba tare da sun fita ba. Abin da ba a sani ba shi ne, dutsen da aka faɗa wa a wasu ramuka cike yake da dalma, dangin dutsen nan da ake yin tozali da shi.

Ƙurar dutsen ta bi ƙasar ɗaki da kwanukan abinci da tufafi. Yaro mai rarrafe kuwa hannunsa daga ƙasa sai baki. Yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, suna mutuwa. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mutuwar a watan Maris na 2010, gwajin jini kuma ya nuna dalma. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da jami'an Nijeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Binciken ya kuma nuna cewa yaron da mahaifiyarsa ke aikin sarrafa dutse ya fi shiga haɗari. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da suka haɗa da Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Bagega.

Idan aka dubi wannan lamari da idon basira, za a ga cewa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan iyaye mata da ta karya sashe na 56 na Dokar Ƙwadago, domin ba su shiga rami ba. Dokar ta tsare ƙofar da ba su bi ba, ta bar wadda gubar ta shigo a buɗe. Ba kuma dokar Abuja ce ta fara fitar da aikin daga gidaje ba. Sarakuna da masu unguwanni da ma'aikatan lafiya ne suka shawo kan jama'a aka mai da niƙa da wanki bayan gari.

3.6 Bagega da Majalisa ta Bakwai

Zuwa 2011 an kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta rage. Likitoci sun bayyana cewa ba amfani a ba yaro magani ya koma gidan da gubar take, saboda haka kimanin yara 1,500 suka zauna jiran a share garin. A watan Mayu na 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma watanni suka wuce ba a saki kuɗin ba.

A wannan lokaci Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal tun 2003, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai. An zaɓe shi a watan Yuni na 2011 bayan ya kayar da Mulikat Akande-Adeola, wadda daga baya ta zama shugabar masu rinjaye. Majalisar da ya jagoranta ta nuna cewa tana iya motsawa da sauri idan jama'a suka taso. Lokacin da aka janye tallafin man fetur a farkon 2012, ta yi zaman gaggawa ranar Lahadi, 8 ga Janairu, ta nemi a janye matakin, ta kuma kafa kwamitin binciken kuɗin tallafi. Bambancin shi ne, maganar fetur ta fito da ƙungiyoyin ƙwadago da mutanen birane kan titi, maganar dalma kuwa ta shafi matan da ke cikin gidaje a ƙauyukan da ba su da hanyar mota mai kyau.

Waɗanda suka ɗauki koken Bagega zuwa Abuja su ne ƙungiyar MSF, da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch, da wasu matasa ƙarƙashin jagorancin Hamzat Lawal da suka yi amfani da intanet wajen yayata lamarin. Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa, ya shiga cikin masu matsa lamba. A ƙarshen Janairu na 2013 aka saki kuɗin, aka share garin a cikin wannan shekara. Wannan ya tabbatar da cewa kamun ƙafa yana aiki. Amma ya kuma nuna cewa iyayen yaran sun sami biyan bukata ne ta bakin wasu, bayan kusan shekara uku. Da yake ba a gyara tushen matsalar ba, a 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

3.7 Ƙungiyoyin Mata Masu Harkar Ma'adinai

A wasu ƙasashe mata masu wannan sana'a sun daɗe da kafa ƙungiyoyi don tunkarar 'yan majalisa. A Amurka, wasu mata uku masana ilmin duwatsu a Jihar Nebada sun kafa gamayyar mata masu haƙa a 1993, lokacin da ake shirin gyara tsohuwar dokar haƙa ta 1872. Dabararsu ita ce tara mata daga jihohi daban-daban su je birnin Washinton su gana da wakilansu ido da ido. Manufarsu kare masana'antar ce da ayyukan da take samarwa. A Afirka ta Kudu kuwa, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata an ɗage hanin shigar mata ƙarƙashin ƙasa, sannan yarjejeniyar haƙa ta 2002 ta sa wa kamfanoni burin kai yawan mata kashi 10 cikin 100.

A Nijeriya, Injiniya Janet Adeyemi, wadda ta wakilci wata mazaɓa ta Jihar Ondo a Majalisar Wakilai daga 1999 zuwa 2003, ita ce ta kafa ƙungiyar mata masu harkar ma'adinai da aka fi sani da WIMIN a 2006. Kasancewarta tsohuwar 'yar majalisa ya ba ta sanin yadda ƙudurin doka ke tafiya. Ƙungiyar ta riƙa kira da a saka bukatun mata a cikin dokoki da manufofin haƙa, a sauƙaƙa musu samun lasisi da jari, a kuma raba yara da wuraren haƙa. Bayan wannan, mata sun riƙe manyan muƙamai a fannin. Diezani Alison-Madueke ta riƙe Ma'aikatar Ma'adinai daga 2008 zuwa 2010 kafin ta koma ta man fetur. A 2017 aka naɗa Hajiya Fatima Umaru Shinkafi shugabar asusun bunƙasa ma'adinai. Gbemisola Saraki ta zama ƙaramar ministar ma'adinai a 2022.

Wannan ci gaba ne da ba za a raina ba. Sai dai ya kamata a bambance tsakanin rukuni biyu na mata. Rukuni na farko su ne masu takardun ilmi da kamfanoni, waɗanda bukatarsu ita ce lasisi da rance da muƙami. Rukuni na biyu su ne masu daka da wanki da dako, waɗanda bukatarsu ita ce wurin aiki da ke nesa da 'ya'yansu, da gwajin jini, da farashi na adalci daga dillalai. Zaman jin ra'ayin jama'a a Abuja ake yin sa, da Ingilishi, kuma a rubuce ake miƙa takardar koke. Waɗannan sharuɗɗa uku sun isa su tace rukuni na biyu gaba ɗaya.

3.8 Batun Makamashi

Irin wannan matsala ta bayyana a dokokin makamashi. An kai ƙudurin dokar man fetur majalisa a watan Yuli na 2012, amma bai zama doka ba sai a watan Agusta na 2021, bayan an yi ta sake masa fasali. Muhawarar ta fi karkata ga rabon kuɗi da kason al'ummomin da ake haƙar mai a ƙasarsu, wanda aka tsayar a kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikin kamfani. Ga macen Tambuwal ko Kebbe kuwa, makamashi yana nufin itacen girki da kara da kananzir da man injin niƙa. Hayaƙin murhu a idonta da ƙirjinta yake ƙarewa, kamar yadda ƙurar dutse ta ƙare a jikin 'ya'yan takwararta ta Bagega.

A nan an sami sauyin da ya kawo doka kusa da gida. Gyaran Tsarin Mulki na watan Maris 2023 da Dokar Wutar Lantarki ta watan Yuni na wannan shekara sun ba jihohi ikon kafa nasu dokokin lantarki. Ke nan a wannan fanni majalisar jiha ta zama wurin da za a iya kai koke, saɓanin fannin ma'adinai.

3.9 Giɓin Wakilci

Kamun ƙafa yana bukatar ƙafar da za a kama. Daga 2003 mazaɓar Kebbe da Tambuwal ta sami wakilcin Aminu Waziri Tambuwal da Abdussamad Dasuki da Bala Kokani, dukkansu maza. Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato da aka zaɓa a 2023, mai kujeru 30, ba ta sami mace ko ɗaya ba. A matakin tarayya, ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da na keɓe musu kujeru. Mata suka yi zaman dirshan a ƙofar majalisa, har Majalisar Wakilai ta janye matsayinta kan uku daga ciki ranar 8 ga wata, ko da yake ba su shiga gyaran da aka sa wa hannu a 2023 ba.

Wannan ba ya nufin namiji ba zai iya wakiltar mace ba. Abin da yake nufi shi ne sai an sami tsani tsakanin tsakar gida da ofishin wakili, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙasar Sakkwato kuwa ba baƙuwa ba ce ga irin wannan tsani. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, wato dattawan mata amintattu, ke kai ilmi ga matan ƙauyuka a cikin gidajensu. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, ta bi wannan sawu a fannin ilmi da lafiya. Hanyar da ta iya kai saƙo cikin gida tana iya fito da koke daga cikinsa, ba tare da an keta al'ada ko addini ba.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tun daga gishirin Foga har zuwa zinaren Anka, aikin mata a harkar ma'adinai na sarrafawa ne, ba na shiga rami ba. An ga yadda dokoki, daga jawabin Lugga na 1903 zuwa Dokar 2007, suka tattara iko a tsakiya suka kuma san mai lasisi kaɗai. An kuma ga cewa matsin lamba ya taɓa sa aka saki kuɗin Bagega, sai dai ba da bakin masu abin ba.

Lamarin bai wuce ba. An hana haƙa a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda matsalar tsaro, aka ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Bisa ga haka, abubuwa uku ne suka cancanci a kai gaban wakilan yankin: a haramta sarrafa dutse a cikin gidaje tare da samar da wurin aiki na musamman da mata za su iya zuwa, a keɓe musu kujera a kwamitin ma'adinai na jiha da wajen ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa, a kuma riƙa yin zaman jin ra'ayi a cikin mazaɓa da harshen Hausa. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsakanin Kebbe da Bukkuyum kuwa ƙasar Gummi ce kawai.